Jirgi Mai Uba Uku

A kwatarmu ta Miro Dandal, inda kogin Sindu yake rarrabuwa kamar yatsun hannu kafin ya shige teku, akwai wani jirgin gwamnati da mutane suke kira Mai Uba Uku. Ni ne matuƙinsa. Sunana Ladho. Ban yi nisa a karatu ba, amma a kan ruwan nan aka yanke mini cibiya, shi ya sa suka ɗauke ni.

Tun kafin in fara aiki ya samu wannan suna. Wani kwamiti ne can babban birni ya zauna, ya ga cewa idan aka ba hukuma ɗaya jirgi za ta riƙa fita teku ita kaɗai, ba wanda ya san abin da ta kama da abin da ta saki. Sai aka raba jirgin uku. Gangar jikin ta 'yan kwastan ce, injin na masu tsaron gaɓar teku, man kuma yana hannun masu farautar 'yan safarar ƙwaya. Ba mai motsawa sai da yardar sauran, kuma kowace fita sai su ukun sun shiga, kowa yana kallon hannun kowa.

Na kwastan shi ne Gulzar, mutumin Panjab, mai tumbi da rinannen gashin baki. Mai inji Zarwali, dogo, daga duwatsun arewa. Ya yi shekara da shekaru a bakin teku amma har yau idan jirgi ya girgiza sai ya ambaci Allah. Mai man kuwa Durral, ɗan ƙabilar Balushi, ba ya rabo da alewa a aljihu, ba ya kuma rabo da makullin rumbunsa a wuya.

Ran Alhamis muke fita. Kafin a fita sai an sha shayi a ƙarƙashin rumfar kwata, kuma wanda ya dafa shayin ranar, tutar hukumarsa ce take hawa sama, tunda sandar tuta ɗaya ce a jirgin. Ba wanda ya rubuta wannan doka, haka kawai aka taso aka gani. Gulzar kan ce shayin Zarwali ruwan wankin kofi ne, Zarwali ya ce ai tumbin Gulzar ne yake shanye rabin man jirgi, Durral yana gefe yana dariya yana tsotsar alewa. Daga nan a ɗora inji, a zuba mai, in ja igiya.

Akwai wani abu da muke ɗauka wanda ba ya cikin aiki: jarkokin ruwan sha na kakana.

Kaka Wasayo yana zaune a wani ɗan tsibiri bayan babban bakin kogi, shi da raƙumansa masu kiwo a kurmin timar, itacen nan da yake tsirowa cikin ruwan gishiri. Tsibirin shi ne abin da ya rage na ƙauyenmu. Sauran teku ta cinye sannu a hankali, gona bayan gona, har masallaci. Kabarin kakata yana kan tudun da ya saura, don haka duk roƙon da mahaifiyata, Jiji Sabhagi, ta yi masa ya dawo cikinmu, sai ya ce wa zai kunna wa matarsa turaren Alhamis. Babu rijiya a wurin. Abin da muka sauke masa, shi zai sha, ya ɗan ba ƙananan raƙuma, manyan kuma su lashi raɓa su jira ruwan sama.

Duk lokacin da muka bi ta saman tsohon ƙauyen nakan rage gudu. Ruwanmu laka ne, ba ya nuna ƙasa, amma ni nakan gani. Nakan ga jar shinkafa tana kaɗawa a ƙarƙashin jirgi, da mata suna shanya tufafi, kifaye suna ratsa tsakanin rigunan. Ban taɓa gaya wa kowa ba. Zarwali ya ɗauka don tsoronsa nake rage gudun, har yakan dafa mini kafaɗa.

To, da iskar damina ta fara, aka janye jiragen masunta kan tudu aka hana fita, sai labari ya zo cewa kwamitin majalisa zai zo duba yadda ake aiki da kayan gwamnati. A ranar da labarin ya zo aka ɓata. Gulzar ya ce ranar dubawa tutarsa ce a sama, tunda ba a ɗaura tuta a jikin inji. Zarwali ya ce jirgi ba inji ai akushi ne. Durral ya dai taɓa makullin wuyansa. Alhamis ta zo, kowa ya dafa shayinsa a ofishinsa, rumfa ta wuni babu kowa sai akuya.

Na bi su ɗaya bayan ɗaya a kan maganar ruwan Kaka. Ba wanda ya kore ni. Gulzar ya ce ga jirgi nan a ɗaure, in ɗauka, shi bai hana ba. Zarwali ya rantse yana ƙaunar tsohon kamar ubansa, amma ba zai ɗora injinsa a ƙarƙashin tutar mai rinannen gashin baki ba, ko da fitar gwaji ce, don in ya yi sau ɗaya ta zauna ke nan. Durral ya ba ni alewa, ya ce ƙa'ida ba ta bari a buɗe rumbu sai an ga inji a ɗaure, ga shi kuwa masu dubawa suna hanya. A abu ɗaya bakinsu ya zo ɗaya: kada in kuskura in ambaci tsibiri a gaban baƙi. Jirgin kama 'yan fasa-ƙwauri yana kai wa makiyayi ruwa, in aka ji za a iya ɗauke shi a mayar Karaci, ni in rasa aiki, Kaka kuma ya rasa ruwan gaba ɗaya. Suka ce in yi haƙuri, da baƙi sun tafi za a shirya.

Baƙi kuwa suka yi ta ɗaga zuwansu. Yau a ce an yi zama a majalisa, gobe a ce hanya ta yanke. Wata Alhamis ta sake zuwa ta wuce. Sama ta yi ta haɗa hadari yana watsewa ba ko ɗigo.

Na gwada ƙaramin kwalekwalen maƙwabcinmu. Ban kai ko rabin bakin kogi ba igiyar ruwa ta juyo da ni kamar ana mayar da yaro gida. Jiji ta daina magana. Kullum sai ta cika tulu ta ajiye a bakin ƙofa tana fuskantar teku, ba ta bari kowa ya sha.

Ni kuma na san abin da ita ba ta sani ba. Kaka ya taɓa gaya mini, muna sauke jarkoki, cewa in wata rana ruwa ya ƙare masa ba zai zauna ƙishi ya kashe masa dabbobi ba. Zai jira wata ya rabu biyu, lokacin da teku take sanyin jiki, ya kora su cikin ruwa da sassafe, su yi iyo su tsallako. Raƙumanmu sun iya iyo, daga wannan kurmi zuwa wancan. Amma babban bakin kogi da damina, ko a ƙuruciyarsa sau ɗaya ya yi, kuma ba duka suka iso ba. Kowace magariba sai in duba wata, in ga yana ta cikowa zuwa rabi.

A kwanakin nan barcina ya cika da ruwa. Ina mafarkin ina tafe a ƙasan teku cikin lungunan ƙauyenmu da tulu a ka, mutane suna gaishe ni, in na buɗe baki in amsa sai ƙananan kifaye su fito. Ina isa ƙofar Kaka sai in ga tulun ba komai, alhali ruwa ya kewaye ni ta ko'ina.

Ranar da wata ya rabu biyu, da yamma, motocin kwamiti suka iso. Aka ce sai gobe da hantsi za a yi dubawa. Ni na san Kaka ba zai jira hantsi ba.

Bayan sallar asuba na sauka kwata. Farin hazon teku ya rufe komai, har ba a gane inda tudu ya ƙare. A can ƙarshen katakon kwata na hangi mutum a zaune. Wata tsohuwa ce, ta lulluɓa da mayafin ajrak sabo fil, irin wanda ake yafa wa baƙi, ta cire takalma ta sa ƙafafu a ruwa. Na gane ita ce Begum Nuzhat, shugabar kwamitin, don na ga yadda ake rige-rigen buɗe mata mota jiya.

Na yi sallama zan wuce, ta tambaye ni ko wancan ne jirgin. Na ce shi ne. Ta daɗe tana kallonsa yana lilo a igiyarsa, ba inji, ba tuta. Ta ce tana cikin waɗanda suka raba shi, tun gashinta bai yi fari ba, amma yau ta fara ganinsa. Ta ɗauka ya fi haka girma.

Ta ce, “Ina kuke zuwa da shi, ɗana?”

Na tuna bakin mutum uku da ya zo ɗaya. Na tuna aikina. Sannan na tuna tulun Jiji a bakin ƙofa. Ban iya tsara magana ba, sai na fara daga shayi, na bi ta tuta, na zo kan jarkoki, da kabarin kakata, da wata da ya rabu biyu. Ba ta katse ni ba. Da na gama na nuna mata hazon da hannu, na ce, “Ranki ya daɗe, yanzu haka yana cikin ruwa, ko yana shirin shiga.”

Ta ciro ƙafafunta ta goge da gefen mayafin. Ta ce ita ba ta da ikon ba kowa umarni a cikinsu. Kowanne da nasa ubangidan a babban birni, aikinta ta gani ta rubuta, shi ke nan. Sai ta miƙo mini hannu in tashe ta.

“Amma ba wanda ya ce mini sai da hantsi ido yake gani. Je ka ce musu ina son ganin jirgin yana tafiya. Yanzu.”

Ban taɓa ganin an ɗora inji da sauri irin na ranar ba. Zarwali ya fito da rigar barci a ƙarƙashin kaki, shi da yaransa suna ɗauke da injin kamar gawa. Durral yana gudu makulli yana dukan ƙirjinsa. Gulzar rabin gashin bakinsa ya sha rini, rabi bai samu ba. Da aka zo kan tuta sai kowa ya tsaya da tasa a hannu, shuɗiya da ja da rawaya, ba mai kallon ɗan uwansa. Begum Nuzhat ta riga ta zauna a kan akwatin kaya. Ta ce su ba ta ta riƙe musu kafin su gama shawara. Suka miƙa mata, ta ninke ta ɗora a cinya, na ja igiya.

Cikin hazo muka shiga, sai ka ce cikin audugar da aka shiɓa. Ba sama, ba ƙasa. Ƙarar injin ma ta yi laushi. Durral ya raɗa mini, “Ka faɗa ko?” Na ce na faɗa. Can ya zura mini alewa a aljihu. Da muka zo saman tsohon ƙauye ban rage gudu ba, karo na farko, na ba mutanen ƙauyen haƙuri a zuciyata.

A tsakiyar bakin kogi na kashe inji don in saurara. Da farko ba komai sai ruwa yana lasar jikin jirgi. Sannan na ji huci, nan da can, kamar mutane da yawa suna barci a ɗaki ɗaya. Sai kawuna suka fara fitowa daga hazon. Dogayen wuyaye ba jiki, suna tafe a jere, idanunsu a lumshe, leɓunansu suna rawa, kamar waɗanda aka tasa daga ƙasan teku aka ce su je su ga duniya. Zarwali ya fara salati a hankali. Ba wanda ya yi motsi. Suka ratsa ta gefenmu ba su ko kalle mu ba.

A can baya muka ga Kaka. Ya rungume tozon tsohuwar taguwarsa da hannu ɗaya, ɗayan hannun yana cikin ruwa, ya tallafo haɓar wani ɗan raƙumi da ƙarfinsa ya ƙare, hancinsa yana nutsewa yana fitowa. Rawaninsa ya tafi. Leɓensa ya tsattsage. Na matso da jirgi da sandar turawa, na ce, “Kaka, miƙo hannu.”

Ya dube ni, ya dubi manyan gwamnati, ya ce da wata murya kamar ana goga busasshen ganye, “Wanne zan miƙo? Duka biyun suna aiki.”

Ya ƙi hawa sai an ɗauki ɗan raƙumin. Ɗauka kuwa ba ta yiwuwa, jirgin zai kife. Igiyarmu ta ƙarfen tsayawa ce, mai kaushi. In aka ɗaura masa a wuya shaƙe shi za ta yi, in a ciki ne ta yanka fata. Ana ta wannan sai Begum Nuzhat ta miƙa wa Zarwali abin da yake cinyarta. Ya dubi tutocin, ya dubi Gulzar. Gulzar ya ce, “Me kake kallo, ɗan dutse? Ƙulla mana, ko shi ma sai an dafa shayi?”

Zarwali ya ƙulla su baki da baki. Na faɗa ruwa na zagaya da su ta ƙarƙashin ƙirjin ɗan raƙumin, na miƙo bakin biyu sama. Su ukun suka kama, suka jingina da gefen jirgi kafaɗa da kafaɗa, kan dabbar ya ɗago. Sai a lokacin Kaka ya saki. Na turo shi, Begum Nuzhat ta jawo shi da hannunta mai zobba, ta lulluɓe shi da sabon ajrak ɗin. Ba mu zo da jarka ko ɗaya ba saboda sauri, sai 'yar gorar ruwanta. Ya kurɓa kaɗan, ya riƙe a baki ya daɗe kafin ya haɗiye. Sauran ya leƙa ya ɗura wa ɗan raƙumin.

A hankali muka koma, da gudun da raƙumi yake iyo. Taguwar tana biye da mu tana gunji ƙasa-ƙasa. Duk tsawon hanya masu riƙon ba su daina ba: Zarwali yana cewa shi kaɗai yake ɗauke da nauyin, Gulzar yana cewa ai tumbinsa ne ya hana jirgi kifewa ta wancan gefe, a gode masa, Durral yana roƙon wani ya sosa masa hanci. Kaka ya yi barci a zaune, kansa a jikin gwiwar shugabar kwamiti, ita kuma tana kallon hazo yana ɗagawa kamar ana naɗe tabarma. Da tudu ya bayyana na hangi Jiji a bakin ruwa, tulu a kanta, raƙuman farko suna fitowa suna ɗiga a kewayenta.

Da hantsi aka yi dubawa kamar yadda aka tsara. Aka jera kujeru, aka yi jawabai. Sandar tuta ta wuni tsirara, tutocin suna shanye a kan rumfa. Ba a tambaye ni komai ba. Da yamma motoci suka tafi, Begum Nuzhat ba ta ce mini ga abin da za ta rubuta ba, ta dai ce in gaida Kaka.

Muka zauna jiran a zo a ɗauke jirgi. Gulzar ya daina amsa gaisuwata na ɗan lokaci, sannan ya manta da fushin ya amsa. Ruwan sama ya sauka, damina ta wuce, Kaka yana kwana a rumfarmu yana juya fuska wajen teku. Ran nan sai ga babbar mota daga Karaci. Na ce shi ke nan. Direban ya sauke sandunan tuta guda biyu, da wani babban farin duro wanda ba sunan kowace hukuma a jikinsa, ya ce an ce na jirgi ne, a riƙa fita da shi a cike. Ya nemi su ukun su sa hannu, suka yi gardamar wa zai fara, ya sha shayi ya tafi.

Ɗaya daga cikin sababbin sandunan ta fi sauran tsawo da kamar taƙi. Kafin kowa ya lura na ari zarto wurin kafinta.

Yanzu Mai Uba Uku yana fita da tuta uku a jere, iska tana kama shi fiye da da, sai na riƙe sandar tuƙi da kyau. Shayin Alhamis yana nan, ko da yake ba abin da ake ci da shi sai zagin juna. Kaka ya koma tsibirinsa da sanyi ya shigo, a jirgi wannan karon, raƙuman suka bi ta kurmi-kurmi. Duk Alhamis in mun doso nakan ji ƙamshin turarensa kafin in ga tudun.

Ɗan raƙumin nan kuwa, rinin tutocin ya zuba a jikinsa da ruwan gishiri, shuɗi da ja da rawaya, ya zagaye ƙirjinsa kamar ɗamara, bai fita ba sai da ya sake gashi. Kaka ya sa masa suna Kwamiti. Ya ce don ba ya zuwa in an kira shi, sai ya ga dama. Idan muna sauke ruwa yakan fito daga cikin timar a hankali, ya tsaya a bakin laka yana kallonmu ɗaya bayan ɗaya, ya daɗe, sannan ya sa baki a duro.